Gyambon da Ba Ya Mugunya

Mun tashi daga Maiyama da asuba, ni da ƙanwata da ɗiyarta mai shekara uku. Yarinyar nan ko ƙaya ta soke ta sai wurin ya zama gyambo, ba ya mugunya, ba ya warkewa. Dangin uba sun ce ƙazantar uwa ce, har ƙanwata ta fara yarda.

Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai, gonaki na wucewa kamar a mafarki. A tashar Jega muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har yarinyar ta haɗa biyu a loma ɗaya. Aliero kuwa hanci ke fara isa: albasa ko'ina, ga araha.

Wata malamar jami'a muka je gani, Kirista ce 'yar Zuru, mai binciken jini. Ta daɗe tana duban takardun asibitin da muka kawo.

"Fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙar cuta, sun ma fi ƙima," in ji ta. "Amma a fatar kowace ƙwaya akwai wani irin sukari. Da shi take kama bangon jijiya, ta rage gudu, ta fita zuwa wurin ciwo. Ina zargin nata babu shi, jini ke wucewa da su."

"To in ƙara mata sukari ga kunu?" in ji ƙanwata.

Ta yi murmushi. "Ba na kanti ba ne, Maman yarinya. Halitta ce, kuma wasu na samun sauƙi da magani. Ku kai ta Sakkwato a tabbatar."

Ƙanwata ta dubi hannuwanta da sabulu ya tsattsage. "Ashe ba ni nac cuce ta ba?"

"Ba ke ba ce."

A dawowa muka tsaya gadar Jega. Gulbi ya cika, wani mai kwalekwale na kamo ciyawar gaɓa, ta suɓuce, ya sake kamowa, har ya tsaya. Na daɗe ina kallo, ina jin kamar cikin jijiyar yarinyar nake, fararen jirage na ta wucewa, suna hangen gaɓa, babu abin kamawa.

La'asar sakaliya muka shiga gida, da takardar zuwa asibitin Sakkwato da malamar ta ba mu, da ƙullin albasa. Tafiyar ta koya mini cewa ƙarfi ba ya amfani in babu abin riƙewa. Na sauke yarinyar a kan tabarma tana barci, zan miƙe na ji an ja ni. Bakin mayafina ne a hannunta, ta damƙe gam. Sai na koma na zauna.