Fitilun Hazo na Motar Yaya

Babanmu mai haɗa wutar mota ne, abin da mutanen Jos ke ce wa rewaya. Tun kafin a haife ni rumfarsa take Gada Biyu, a bakin titi, tsakanin wani mai faci da wata mata mai tuwo. Bai tara abin duniya ba, gidan da muka tashi ma na haya ne. Sunansa kawai yake da shi. Direbobin tasi, malaman makaranta, fastoci, 'yan kasuwa, duk wurinsa suke kawo mota. In mutum zai sayar da motarsa ya ce tsohon Gada Biyu ne ke kula da wutarta, mai saye ba ya ƙara tambaya a kan waya.

Ba zan ɓoye ba, Baba na da taurin kai, kuma yana da nawar aiki mai sa mutum ya ji kamar ya yi kuka. Ba ya fere wayar da mota ta zo da ita ya rataya mata wani abu. Rediyo ne, hon ne, fitila ce, kowanne sai ya ja masa wayarsa mai kauri tun daga batir, ya sa masa fis ɗinsa, ya sa rile mai rage wa makunni nauyin wuta, ya liƙe kowace mahaɗa da dalma. Fis ɗin nan ɗan mitsitsin abu ne da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, don kada wayar ta ɗau zafi. Baba ba ya yarda a yi wasa da shi. In ya ga wani ya naɗa zaren waya a gurbin fis, ranar ba mai shan ruwa a rumfar sai ya gama faɗa.

Mu biyu ne a wurinsa, ni da yayana namiji. Ni ina aure a Jos Jarawa, ina ɗinki, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ni ke kai wa Baba abincin rana. Yaya ya yi boko, ya sami aikin ofis a Kuru, ya sayi mota. Da damina ta yi nisa, hanyar Kuru da sassafe hazo ne fari fat, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Shi ya sa ya sayo wasu fitilu biyu masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙasan bamba.

Ina rumfar ranar da ya kawo su, wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Baba ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Ya juya fitilun a hannu, ya yaba, ya ce Yaya ya ajiye motar ranar Asabar ya ɗauka Lahadi da yamma. Yaya ya ce yana da ɗaurin auren abokinsa ranar Asabar, kuma da motar zai je. Ni na san so yake a ga fitilun a wurin biki, ba wani hazo ba.

"Baba, ai wannan aikin rabin awa ne," in ji shi.

"Masu rabin awa suna can gaba," in ji Baba yana dariya. "Ni ban iya ba."

Wasa Baba yake yi. Yaya kuwa ya mayar da fitilun cikin kwali ya tafi, kuma can gaban ya nufa.

Matarsa ce ta ba ni labarin sauran, don ba ta iya riƙe magana. Wani mai rumfa a hanyar gidansu ya kai wa. Mutumin ya fere wayar manyan fitilun gaba, ya murɗa sababbin a kai, ya naɗe da salatif. Da aka kunna, fis ya ƙone. Aka sa wani, shi ma ya ƙone. Sai ya tsinko zaren tagulla ya cusa a gurbin, fitilu suka kama tar, Yaya ya yi ta murna har da cewa zamani ya wuce su Baba. Da ya zo gaisuwa bayan kwana biyu, Baba ya ga fitilun a jikin mota. Bai tambayi wanda ya haɗa ba. Cewa kawai ya yi a kawo ya duba. Yaya ya ce to, kuma bai kawo ba.

Ba a yi wata guda ba motar ta kama da wuta. Da safe ne, a hanyar Kuru, ya kunna fitilun duka saboda hazo, yana ɗauke da abokan aikinsa uku. Wari suka fara ji, sai hayaƙi ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya taimaka suka fita da ƙafafunsu, suka tsaya a gefen gonar wasu suna kallo har wuta ta cinye motar. Ɗaya daga cikinsu, wata mata da mijinta ke kai wa Baba mota, ita ta fara tambayar da ta kashe mu.

"Oga, ba Babanka ne rewaya ba? Garin yaya ya yi irin wannan aiki?"

Yaya bai ce Baba ne ya haɗa ba, bai ce ba shi ba ne. Cewa ya yi ƙaddara ce. A wurinmu kuwa ba wanda zai kawo a ransa cewa ɗan mai sana'a zai tsallake ubansa ya kai wa bare aiki. Abin kunya ne da ko maƙiyi ba zai zarge ka da shi ba. Saboda haka kowa ya gama lissafinsa shi kaɗai: tsoho ne ya haɗa, tsoho ya ƙona motar ɗansa. Kafin azahar maganar ta isa Gada Biyu, kafin sati ta zaga masallaci da coci.

Na zaci Baba zai tashi ya wanke kansa, mutumin da ba ya barin ko ƙaramar magana ta wuce a kan aikinsa. Ina zaune masu jaje ke shigowa rumfar, suna kewaye-kewaye, wani ya ce ai ido ne, in shekaru suka ja sai haƙuri. Baba ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa a kan kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da suka watse na ce masa ni zan faɗa wa mutane gaskiya, tunda a gabana aka yi. Ya hana ni, da muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba.

"In na ce ba ni ba ne, za a ce wane ne? Sai a ce ɗana ya raina ni ya kai wa wani. Da wane ido zai shiga mutane? Ni na ci zamanina, shi yanzu ya fara."

Na je na sami Yaya a gida. Na yi masa maganar da ƙanwa ba ta yi wa wa. Ya ce shi bai taɓa cewa Baba ne ba, mutane ne suka faɗa, kuma in ya tono maganar yanzu Baban ne zai fi jin kunya. Ya ce in bari ta mutu da kanta. Wato shi ya sami inuwa, ya shige, har yana ganin alheri yake yi. Tun ranar na daina ganinsa da girman da nake ganinsa.

Maganar ba ta mutu ba, rumfar ce ta mutu. Ba wanda ya zo ya ci wa Baba fuska, mutanen Jos sun fi haka kara. Daina zuwa kawai suka yi. Wani tsohon fasto da ya daɗe yana kawo motarsa yakan tsaya ya gaishe shi, su taɓa hira, ya ce motar lafiya lau take, alhali na gan ta da idona a wata rumfa an ɗaga bonet. Nakan kawo abinci in tarar da Baba shi kaɗai, yana jera fis-fis a cikin gwangwani, yana sake jerawa. Sai 'yan acaɓa da ba su san labarin ba ke kawo masa ƙananan gyara. Bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan shirun nasa ya fi komai ci mini rai.

Bayan damina biyu matar Yaya ta haihu, shi kuma ya sake mota. Ranar suna an faka ta a ƙofar gida tana ƙyalli, maza na zaune a kan tabarmi bayan an shafa addu'a. Na fito da kwanon waina zan miƙa. Baba na gefe a tsugune da buta, yana wanke hannu, bai fi taku biyar daga wurin ba. Sai surukin Yaya, wani dattijo mai son a ji muryarsa, ya dafa motar ya yi mata addu'a, sannan ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji.

"Wannan karon dai ka bar tsoho ya huta. Ka nemi mai ido ya riƙa duba maka."

Na tsaya da kwanon a hannu ina kallon bakin Yaya. Kalma biyu za ta isa. Ko da ya ce ba haka ba ne, ya yi shiru daga nan, da na yafe masa komai. Ya kalli inda Baba yake, na ga ya kalla. Sannan ya yi murmushi ya ce, "In sha Allahu."

Baba ya ci gaba da zuba ruwa a hannun da ya riga ya wanku, har butar ta ƙare. Ya tashi, ya shiga ya ɗauki jaririn ya sa masa albarka, ya tafi gida a ƙafa. Washegari da na kai abinci na tarar da rumfar a rufe, mai faci ya ce tun safe tsoho ya zo ya kwashe kayansa a baro.

Ya rasu a shekarar da ta biyo. A zaman makoki na ji masu gaisuwa daga bayan labule suna cewa mutumin kirki ne, gwani ne a zamaninsa, sai dai daga ƙarshe hannu ya ƙi. Yaya ne ke karɓar gaisuwar, kuma ina jin muryarsa yana amsa musu da amin.