Kafin Baffa Ya Iso

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Na zo ganin gida Gumel, ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo bayan azahar, sai wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanen marigayi mahaifinmu, daga Sule Tankarkar. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya tambayi inda Inna take. Na ce tana ɗaki. Ya ce in fita zaure.

A zauren ya gaya mini. Motar shanun da Yaya yake ja ta faɗi a hanyar Gagarawa, kuma Allah ya karɓi abinsa. Ya ce yanzu zai hau babur, in ɗauke wayar Inna, in rufe ƙofa, kada in bar kowa ya shigo. Inna tana da hawan jini, in labarin ya faɗo mata kai tsaye, muna iya yin jana'iza biyu.

"Ba yaro ke gaya wa uwa irin wannan ba," in ji shi. "Ki riƙe kanki har in iso."

Ni da 'ya'yana, amma a wurin Baffa har gobe yarinya ce. Kuma duk duniya a rasa wanda za a ba ajiyar magana sai ni, da ko zanin sallah na saya ba ya kwana ban shelanta ba. Na tsaya a zauren ina ta innalillahi a zuci. Na sa sakata, na koma ciki, na lallaɓa na ɗauke wayar Inna a kan taga, na kashe, na cusa ta cikin buhun gero.

Inna ta fito da faifan zogale a hannu, ta tambayi wa ya kira. Na ce wani ne ya yi ɓatan lamba. Muryata ta fito kamar ta mai mura. Na san ba zan kai la'asar da busasshen ido ba, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Dole in samo wa hawayen nan dalili.

Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya na fassara da matan layinmu suke so, saboda wuri guda a cikinsa. Wata tsohuwa ta ƙulla abinci a tsumma ta je tashar jirgin ƙasa tarbar ɗanta. Kowa ya sauko, kowa ya rungumi nasa, jirgi ya tashi, ita tana nan riƙe da ƙunshinta tana leƙen tagogi. Wurin nan ko namiji sai ya shiga gyaran murya. Na kunna talabijin na sa fim ɗin, na ce Inna ta shigo mu rage rana.

Ta zauna tana tsinke zogalenta. Wallahi ban taɓa sanin fim ɗin yana da tsawo haka ba. Rawa ta ƙare, wata rawar ta tashi, tsohuwar ta ƙi zuwa tasha. Na kasa tura shi gaba, kada Inna ta tambayi saurin me nake. Can ta ce in ajiye wa "wancan" tuwo, in an tashi kasuwa zai biyo ta nan. Haka take kiran Yaya, don ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta gidi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. Na ce to, na cije gefen mayafina.

Sai aka buga ƙofa. Na ƙara sauti na ruga zaure. Maƙwabciyarmu ce, idonta ja wur, ta riga ta ɗora hannu a ka. Na toshe mata baki ta kafar ƙofa, na rantse mata da Allah in ta yi ƙara ba ni ba ita har abada. Na mayar da sakata. Na ce wa Inna aron turmi aka zo. Turmin kuwa yana nan inda yake.

Da ƙyar tsohuwar ta iso tasha. Jirgi bai ma tsaya ba na saki kuka, irin wanda yake fitowa daga ciki, har da shessheƙa. Na yi mai isata. Da na ɗago, Inna ba talabijin take kallo ba, ni take kallo. Hannunta ya tsaya cak a kan faifan.

"Tun yaushe kike kukan fim? Ke da kike tsokanar mutane wai suna yi wa ƙarya hawaye."

Ta dubi taga inda wayarta take zama. Ta dubi hanyar zaure. Na fara lissafin inda maganinta yake da wanda zai kai mu asibiti. Tsoro ya kama ni fiye da baƙin cikin.

Ta ajiye faifan a hankali.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Wurin tashar."

Na mayar. Tsohuwar ta sake tsayawa da ƙunshinta. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, kafaɗunta suka fara girgiza. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Da jirgin ya tashi ta ɗaga mini yatsa, na sake mayarwa. Na gane in gida ya cika, ba za ta zubar da ko ɗigo a kan ɗan fari ba, kunya ba za ta bar ta ba. Wannan ɗan lokacin kaɗai take da shi, ta kuma fake da tsohuwar Indiya kamar yadda na fake.

Muna cikin haka muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ta share fuskarta tas, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta miƙa hannu ta kashe talabijin da kanta.

"Ban tambaye ki komai ba, ke ma ba ki gaya mini komai ba," ta ce. "Shimfiɗa tabarma, ki je ki buɗe masa. Ya sha hanya, a bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi."