Gorar Lemon Gwaggo

A gidanmu na Tudun Wada babba ba ya shan abu yaro na kallo bai sam masa ba. Surukata, Inna, ko ƙosai ɗaya ne a hannunta sai ta gutsura wa jika.

Ran nan bayan azahar ƙanwar mijina ta zo daga Hanwa, inda take aure. Muna zaune a tsakar gida, ina tsince shinkafa. Ta ciro gorar lemo daga jaka, ta kurɓa, ta mayar ƙarƙashin hijabi. Na lura lemon ya yi kauri, yana manne wa jikin gorar, maganarta kuma tana ja kamar wadda aka tasa daga barci. Na zaci gajiya ce.

'Yata, wadda ban daɗe da yayewa ba, ta dafa gwiwarta tana miƙa hannu.

"Ke, sam mata mana," in ji Inna. "A Hanwa kika koyo rowa?"

"Inna, da sanyi. Za ta yi mura."

"Wane sanyi, gorar da ke hammata? Ba ta, 'yar yayanki ce."

Ƙanwar mijin nawa ta dube ni, ta dubi Inna. Faɗin abin da ke cikin gorar nan a gaban mahaifiyarta ya fi ƙarfinta. Ta miƙa. Yarinyar ta kafa kai, sai da aka ƙwace. Ba a jima ba gwaggon ta yi sallama ta tafi.

Yarinyar ta kwanta a tabarma. Aka yi la'asar ba ta motsa ba. Inna ta ce barcin yara ne. 'Yar fari ce, kuma ba a so uwa ta yi rawar jiki a kan 'yar fari gaban surukai, don haka ta wutsiyar ido nake kallonta. Sai na ga leɓenta ya yi duhu, numfashin yana fita yana daɗewa bai dawo ba. Na mintsine ta, ko uhum. Na saɓe ta na fita ba takalmi, na tare mai keke napep.

A asibiti wata nas ta tambaye ni me ta sha. Na ce lemo. Ta shinshina bakinta.

"Maganin tari ne, irin wanda ake zubawa a lemo don maye. Wa ke sha a gidanku?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma yawancin gorunan daga ɗakunan matan aure suke fitowa.

Sai washegari yarinyar ta buɗe ido. Mijina ya ce a rufa asiri, kada auren ƙanwarsa ya mutu. Inna ta ce iska ce ta shafi jikarta, ta aika aka karɓo rubutu. Ba wanda ya tambayi mai gorar komai.

Tun daga nan idona ya buɗe. Ƙananan kwalaben maganin tarin nan ga su a kwatar ƙofar gida, ga su a bayan kemis, har a banɗakin gidan suna na taɓa tsallake su.

Har yanzu gwaggon tana zuwa duk Juma'a, da jakarta. Yarinyar na jin sallamarta take rugawa tana cewa, "Gwaggo, lemo mai daɗi." Ba ni da ikon hana 'yar gida shigowa gidan ubanta. Sai dai in cafke 'yata in goya ta, ga tsohon ciki a gaba, in yi ta aiki a tsaye tana dukan bayana tana kuka, har sai na ji an rufe ƙyauren zaure.