Malam Ladan da Megabayit Goma Sha Shida

Ranar Laraba, 11 ga Nuwamba 1998, ina tsakiyar darasi aka leƙo aji aka ce mini Malam Ladan Mika'ilu, mai gyaran kwamfuta a Tunga, ya rasu bayan jinyar kwana huɗu. Malam Ladan, kafin in isa gidanka da la'asar har an kai ka makwanci.

Duk wanda ya taɓa kawo maka aiki ya san halinka. Ba ka ƙara wa kwamfuta memori, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, sai ka zauna ka ga abin da mai ita yake yi da ita. Mutane na ƙorafi, ni ma na yi.

Bara ne wana ya aiko mini da kwamfutar tafi-da-gidanka, don in rubuta abin da mahaifinmu, Baba Shekwolo, ya sani na itatuwan magani da sunayensu na Gbagyi. Baba ya tsufa, ƙarfinsa na ƙarewa. Awa ɗaya da safe yake iya magana, sauran yinin barci. Ita kuwa kwamfutar memorinta megabayit takwas ne kacal. Da rubutun ya yi yawa sai ta riƙa tsayawa cik, kafin ta farfaɗo Baba ya manta inda muka kwana. Wana ya ce a sa mata talatin da biyu, kada in yarda da ƙasa da haka.

Da na kawo maka ita, ka ƙi taɓa ta a shago. Ka hau babur ka biyo ni Maikunkele, ka zauna a kan turmi kana kallon aikinmu. Da Baba ya yi barci ka ce, "Malama Alisabatu, goma sha shida ta ishe ki. Talatin da biyu sai an aika Legas, sati uku ke nan. Ki dubi tsohon nan da kyau."

Raina ya ɓaci. Na ce maka kai ba likita ba ne, ka tsaya a kan sukundirebarka. Ka buɗe taka kwamfutar, wadda kake aiki da ita kullum, ka zare mata takwas ka sa a tawa. Daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Daga baya yayarka Barira ta gaya mini wata biyu ka yi kana fama da taka tana jan ƙafa.

Mun rubuta itatuwa ɗari da saba'in da uku. Baba ya rasu kwana goma sha tara bayan zuwanka.

Na sha wucewa ta ƙofar shagonka, mu gaisa, ka tambayi littafin itatuwan, in ce yana tafiya. Ban taɓa ba ka haƙuri kan waccan magana ba. Kullum cewa nake sai an buga littafin in kawo maka da hannuna, in haɗa da ban haƙurin. Ranar Litinin mai zuwa zai fito daga maɗaba'a.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ga matarka Kyauta, da 'ya'yanka, da yayarka Barira, Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Zan kawo littafin gida ranar Litinin. Don Allah ku karɓa, ku yafe mini a madadinsa.

Alisabatu Shekwolo, Maikunkele