Noeline Vassallo, Mai Tambayar Wanda Ya Amsa

Duk wanda ya saba shiga taragon lantarki na unguwar Glenelg da sassafe ya san ta, ko da bai san sunanta ba: wata gajeriyar dattijuwa mai furfura, da kwalin kofi mai sanyi a hannu ko da a tsakiyar sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar nan. Takan sauka a tsakiyar birnin Adelaide, ta taka zuwa wani tsohon bene, ta hau sama. Kafin ta gaisa da kowa, sai ta fara da wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka da ke kan teburinta. Ta kashe shi, ta kunna, ta zuba masa ido kamar mai jiran a shara mata ƙarya. Sai ta ga ya tashi yadda ya kamata, sannan ta ɗaga kai ta ce, "Kun tashi lafiya?"

Noeline Vassallo ke nan, wadda za ta ajiye aiki a ƙarshen watan nan bayan shekara ashirin da ɗoriya a kan kujera ɗaya. Ba a taɓa buga hotonta a jarida ba, kuma in da za a tambaye ta, cewa za ta yi wa ya aiko mai hoton.

Akwatin nan ɗan'uwan waɗanda ke kafe a bakin magudanan ruwa ne a yankin Riverland, inda manoman inabi da lemo ke jan ruwa daga kogin Murray. Shi ke buɗe ƙofar ruwa, shi ke rufewa. A cikinsa akwai manhajar da kamfaninmu ya rubuta, a cikin manhajar kuma an dasa 'yar ƙaramar sabar yanar gizo, wato ɓangaren da ke amsa wa manomi idan ya buɗe shafi a wayarsa ya nemi ruwa. Manhajar ba dunƙule ɗaya ba ce. Sassa-sassa ce, kowane sashe da mai ɗauko masa kayan aikinsa, kuma ba ya ganin abin da ke hannun maƙwabcinsa sai an ba shi izini. Idan akwatin ya tashi, sabar takan yi kira ga sassan da aka gaya mata: wa ke iya aikin kaza? Sashen da ya rubuta sunansa a kan aikin sai ya amsa, a ɗauko shi. Wannan ɗan tsakanin, tsakanin kira da amsawa, nan Noeline ta ƙarar da ƙuruciyarta. Mu damuwarmu a amsa. Ita damuwarta wa ya amsa, kuma wa ya ba shi izini.

Gurmeet Dhillon, wani manomin lemo a kusa da garin Renmark, har yau yana ba da labarin shekarar da shafinsa ya koma fari fat ana tsakiyar zafin Janairu, lokacin bazararmu, bishiyoyi na neman ruwa. Noeline ta tuƙo mota ta zo da kanta, ta tsuguna a gindin akwatin, ƙudaje na bin fuskarta. Ashe kayan aiki guda ne aka ɗauko sau biyu ta hannu biyu, sunansu ɗaya, amma kowanne ya ƙi sanin ɗan'uwansa. Ta raba gardamar, ruwa ya taho. Da za ta tafi ya cika mata bayan mota da lemo. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi, ta ce, "Yaushe ka yi masa feshi?" Gurmeet ya ce tun da yake kyauta ba a taɓa yi masa irin wannan godiyar ba.

Haka take. Warrick Dunstan, shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Waz, yakan ce ko kek aka kawo ofis sai Noels, kamar yadda muke kiran ta, ta tambayi wanda ya gasa, da wanda ya riƙo shi a mota. Muna dariya, ita ma tana yi. Ba mu san ranar da dariyar za ta ƙare ba.

Sashen da ke haɗa sabar da sauran sassa mun daɗe da sakin sa a fili, kowa a duniya na iya dubawa ya kawo gyara. Cikin masu kawowa akwai wani mai suna Corin Ashby, wanda ya ce a birnin Hobart yake zaune. Mutum mai ladabi, mai haƙuri, gyaransa tsaf. Kusan shekara biyu yana ɗauke mana ƙananan ayyukan da kowa ke gudu, bai taɓa neman komai ba. Kowa na son sa. Noeline kaɗai ce in aka yabe shi takan ce, "Ruwa ba ya tsami banza, alheri ma haka."

Ana gab da fitar da sabuwar manhaja kafin lokacin ban ruwa, sai yayarta ta faɗi ta karye a ƙugu a garin Port Pirie, dole Noeline ta tafi jinya. Tana can Corin ya turo wani gyara mai daɗin gani: maimakon a riƙa gaya wa sabar sashen da za ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, ta yi kira kawai kowa ya ji. Aikin da ke cin mako ya koma na wuni. Thuy Quach, abokiyar aikinta kuma aminiyarta, ita ta duba ta shigar da shi.

Da Noeline ta dawo ta ga komai na tafiya sumul, abin bai kwanta mata ba. Sai ta yi wani abu da ba ya cikin tsarin gwajin kowa. Ta cire sashen da ke tantance mai neman ruwa, wanda ke duba ko manomin ne da gaske ko wani ne daban, ta kunna akwatin. Kamata ya yi ya tsaya cik, ya ce babu mai yin wannan aikin. Bai tsaya ba. Ya tashi lafiya lau, ya buɗe shafi. Ta rubuta sunan ƙarya da kalmar sirrin ƙarya, ya ce mata bismilla. Wani baƙon sashe ne ya amsa kiran, wanda ba ta san da zamansa a gidan ba. Ta bi sawu, ta same shi a lulluɓe cikin kayan da suka shigo tare da gyaran Corin.

Ba ta yi magana a ofis ba. Ta bari sai da suka fita cin abincin rana da Thuy a kasuwar tsakiyar gari, kamar yadda suka saba, kowacce da kwanon miyar taliya a gabanta.

"Thuy, ke kika shigar da gyaran Corin?"

"Ni ce. Na duba shi sosai kafin in shigar."

"Kin san shi? Ina nufin a wajen aiki."

Thuy ta ajiye cokali. "Me kike son ki ce, Noels?"

"Tambaya na yi."

"Ke kika riƙe min yara lokacin da aka kwantar da ni a asibiti. Makullin gidana yana jakarki yanzu haka. Yau ni kike yi wa wannan tambayar?"

"Ke kika buɗe ƙofar. In ban tambaye ki ba, wa zan tambaya?"

"Ban san shi ba, ban taɓa ganin sa ba. Hankalinki ya kwanta?"

Noeline ta dube ta, ta ce, "Na ji." Ba ta ce ta yarda ba, Thuy kuwa ta lura. Ta tashi ta bar miyarta ko rabi ba ta sha ba.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma Noeline ta ɗauki wannan zunubin da idonta biyu. Ta je ta sami Waz ta ce ba za ta sa hannu a fitar da manhajar ba sai an bi duk gyaran da Corin ya taɓa kawowa, tun daga na farko. Waz ya rufe ƙofa.

"Ki cire abin da kika gani mu wuce mana. Manoma na jira."

"Wanda na gani ke nan. Wanda ban gani ba fa?"

"Noels, bari in faɗa miki abin da ake faɗa a bayan idonki, don gara ki ji daga bakina. Ana cewa yaron nan ya sauƙaƙa abin da ke kaɗai kike ganewa, shi ya sa kike neman sa da sharri. Wai kujerarki kike karewa."

"Yaro? Ka taɓa ganin sa, Waz? Ka san ko yaro ne, ko tsohuwa ce irina, ko mutum biyar ne a ɗaki ɗaya?"

Maganar Waz ta bi Noeline har cikin tarago. Ta zauna tana kallon gidaje na wucewa, tana tuhumar kanta kamar yadda ta tuhumi kowa. Ko kishi ne? Ko tsufa ne ya sa duk sabon abu ke yi mata kama da ɓarawo? Ta gaya wa wasunmu daga baya cewa ba ta iya wanke kanta tas ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta tuna cewa akwatin ya buɗe wa sunan ƙarya, kuma wannan ba ruwansa da kishinta.

Aka rubuta wa Corin. Amsarsa ta zo nan take, cike da ban haƙuri: ragowar gwaji ne ya manta bai cire ba, ga gyara nan ya turo. Mutane suka sauke numfashi. Noeline ta ce wanda ya manta da abu ba ya tuna inda ya ajiye shi da sauri haka. Ta nemi su yi magana ta bidiyo, su ga juna ko sau ɗaya. Ya ce kyamararsa ta lalace. Ta ce to ta waya. Ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, sai wani mako. Wani makon ya zo, shiru. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Noeline kuwa ta zauna tana bin gyare-gyarensa ɗaya bayan ɗaya, tana sake rubuta duk wanda ba ta gamsu da shi ba. Lokacin ban ruwa ya zo ya same mu da tsohuwar manhaja. Wata ƙungiyar manoma a wajen garin Loxton ta gaji da jira ta koma wani kamfani, kuma saboda haka akwai abokin aikinmu da ba a sabunta masa kwantiragi ba. Mutum ne mai iyali. Noeline ta san wasu na ɗora mata wannan, ba ta kuma taɓa cewa ba su da hujja ba. Watannin nan ita kaɗai take cin abincin rana a teburinta.

Abin da ba ta sani ba, Thuy ma na bin gyare-gyaren a gefe, cikin fushi, don ta tabbatar babu komai ta kawo ƙarshen maganar. Thuy ɗin ce ta ci karo da wani tsohon gyara na bara, ɗan ƙarami, wanda ke sa mai tantancewa na gaske ya makara wajen tashi a tsofaffin akwatuna. Shi kaɗai ba ya cutar da kowa. Amma in ya haɗu da sabon, to a duk tsohon akwati baƙon ne zai riga amsawa, ba sai an cire kowa ba. Tsofaffin akwatunan kuwa su ne mafi yawa a bakin kogin. Duk wanda ya san da haka, daga ko'ina yake, zai iya buɗe ruwan gonakin mutane ko ya rufe shi a ranar da zafi ya fi tsanani.

Thuy ta jawo kujera ta zauna kusa da Noeline, ta nuna mata. Ta ce, "Ban zo don in ce kin yi daidai ba. Abin da kika yi min har yanzu yana min ciwo."

Noeline ta ce, "Na sani. Da za a sake, zan sake tambayar ki. Amma da na jira kin gama cin abinci."

Thuy ta yi ƙoƙarin ta ƙi dariya, ta kasa.

Har yau ba mu san ko waye Corin ba. An kai rahoto inda ya kamata, ba a dawo mana da komai ba. Waz na nan a kan cewa mai yiwuwa kuskure biyu ne suka haɗu, mutumin kuma kunya ce ta kore shi. Noeline ba ta musa masa. Takan ce ita ba alƙali ba ce, mai gadi ce, kuma mai gadi ba ya jiran a yanke hukunci kafin ya rufe ƙofa.

Ke ce, Noeline, ƙyauren da ba a tura shi da murmushi. Ke ce kika yarda a kira ki mai baƙin ciki, kika yarda aminiyarki ta juya miki baya, don kada wani manomi da bai san sunanki ba ya wayi gari ya tarar da gonarsa ta bushe ko ta nutse. Mu mun so a ƙaunace mu, ke kika zaɓi ki tambaya. Bala'in da kika tare bai faru ba, don haka babu mai yi miki tafi a kansa, ba mu ma da tabbacin girmansa. Irin aikinki ke nan: in ya yi kyau, babu abin nunawa.

A makon jiya aka yi mata walimar ban kwana a bakin teku, aka gasa nama, Waz ya yi jawabi ya ba ta sandar kamun kifi. Washegari ta shigo ofis ta tsaya a kan Thuy, wadda ita za ta gaji kujerar. Ta ce mata ta buɗe wurin da ake ba da izini, ta goge sunanta daga masu ikon taɓa manhajar.

"Ai da sauran kwanaki, Noels. Kuma ko kin tafi muna so ki riƙa leƙo mu."

"In na ga abu zan turo, ki duba shi kamar na baƙo. Wata rana wani zai rubuto miki da sunana, da irin maganata. Goge yanzu ina kallo."

Thuy ta goge. Noeline ta sa ta gwada shiga da sunan nata, suka ga an hana, sannan ta gyaɗa kai.

Mun gode, Noels. Manoman kogin sun gode, ko da ba su san sun gode ba. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi gudu da ƙwarewa a wurin duk wanda kuka ga dama, amma ku koyi wannan a wurinta: idan kuka yi kira aka amsa muku da daɗin murya, ku daure ku tambaya ko wane ne, ko da tambayar za ta sa ku ci abinci ku kaɗai.