Tallafin da ya watsa min aji

A lokacin ni malamar firamare ce da rikicin Bangui ya raba da aikinta, ina zaune gidan yayana a unguwar Kilomita Biyar. Da abubuwa suka lafa sai na buɗe ajin yaƙi da jahilci a zaurensa. Matan da ke kasa kaya a Titin Koudoukou ne ke zuwa bayan la'asar, mu yi karatu da rubutu, da ɗan Turancin Ingilishi saboda sojojin waje da ke sayayya wurinsu. A tabarma muke zama, allonmu kuwa tsohuwar ƙofa ce da na shafa wa baƙin fenti.

Na gaji da yawon neman tallafi kafin wata ƙungiya ta ce za ta zo ta gan mu. Jami'arsu ta ce min masu ba da kuɗin sun fi jin tausayi idan suka ji labari daga bakin wadda abin ya shafa. Nan take na tuna da wata dattijuwa cikin ɗalibaina, mai sayar da ƙosai, wadda aka kashe mijinta a unguwar Miskine a gabanta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda abin ya faru ba sai ni. Na roƙe ta, ta ce ba ta so, na yi ta naci har ta amince don kunyata. Ranar da suka zo tana magana da harshen Sango, suna ɗaukar hoto, ni kuma ina fassara musu da Faransanci.

Tallafin ya zo, da benci da littattafai. Sai dai hotonta tana kuka ya shiga wayoyi, har ɗanta da ke gudun hijira a Kamaru ya gani, ya kira ta yana kuka shi ma. Ta daina zuwa, sauran matan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na bi ta har unguwarsu Kokoro don ba da haƙuri. Ta karɓe ni da fara'a, ta ce ta yafe, amma ita sunanta ta zo koyon rubutawa, kuma yanzu ko alli ta gani sai ranar ɗaukar hoton nan ta dawo mata. Ta rasu da damina ba ta iya rubuta sunan ba.

Har yau ina koyarwa, amma duk ƙungiyar da ta nemi labarin ɗalibaina nakan ce a'a. Masu neman tallafi, ku yi hattara. Idan ɗalibarku ta ce ba ta so, ku bar ta, ko da a tabarma za ku ci gaba da zama.