Bangon da Munka Shayar a Alela

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, wata Litinin da shef, wato shugabanmu, ya aiko a kira ni buro, ofishinshi, a Birnin Konni. Farkon shekarun saba'in ne, cikin bazarar da ta biyo bayan fari, lokacin da mutanen ƙauye sunka cinye har irin shuka. Ina magini mai daraja ta biyu a ma'aikatarmu. Ga wanda bai san tsarin ba: lebura shi ke kwaɓi da ɗauka, magini shi ke aza hannu ga gini, shef kuwa yana buro yana sa hannu ga takarda. In aiki ya yi kyau a yaba mashi, in ya ɓaci a nemo magini.

Ya ce, "Sule, Alela za ka. Gidan malamin gona akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, yana yoyo. Bayan sati biyu mota za ta kai irin gero, can za a aje shi. Buhu uku na siminti za a ba ka."

Na ce, "Shef, lebura nawa?"

Ya ce, "Kai da hannuwanka."

Raina bai so ba. Na karɓi buhu uku na simintin Malbaza, na ɗaure guduma da cokalin gini da wani guntun ƙarfe mai kaifin baki da maƙeri ya yi mini, na hau motar kasuwa.

Gidan tun zamanin Turawa anka gina shi. Ɗakin yana ƙasa, matakala bakwai za ka sauka, bango da daɓe duk kankare ne, ƙofa ta ƙarfe. A Alela kaf babu wani wuri da ɓera da gobara da hannun mai yunwa ba su kai sai shi. Ba a iya raba irin da wuri, don duk wanda anka ba sai ya kai shi turmi, kuma ba wanda zai ga laifinshi. Dole a riƙe har ruwan shuka ya sauka. To ga shi wani ɗan ruwan bazara da anka yi, wanda ko ƙura bai kwantar sosai ba, ya shiga ɗakin har idon sawu. In irin ya jiƙe a nan, ƙauyukan da ke kewaye sun rasa damina ta biyu ke nan.

Mai gidan, Mushe Amadu (Mushe shi ne Malam da Faransanci), malamin gona ne, baƙo daga yamma, mutum mai gaggawa. Sai mai gadinshi, Baba Tanko, tsoho ne da ya yi rayuwarshi yana ginin ƙasa, rabin rumbunan garin hannunshi ne. Su biyu sunka sauka da ni da fitila. Tsaga biyu na gani. Ɗaya ta taso daga kusurwa ta gangaro har ƙasa, ɗayar tana bin inda bango ya haɗu da daɓe. An shafe su da siminti sama-sama. Na sa farce, abin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Baba Tanko ya ce, "Ni na yaɓe shi bara. Simintin ne ba shi da kirki."

Na ce, "Baba, simintin lafiya lau yake. Wanga bango ba a yi mashi yaɓe."

Washegari na kama sara. Ko awa ban yi ba sai ga Mushe ya sauko da sauri, ya tarar tsagar da ta kai kaurin tsinke ta koma yatsa biyu.

Ya ce, "Malam Sule, toshewa na nema, ba buɗewa ba."

Na ce, "Mushe, sa yatsanka ciki ka ji. Cikin ya fi bakin faɗi. In kwaɓi ya shiga ya daskare, ba ya da hanyar fita, ko ruwa ya turo shi daga baya. Wanda anka shafa a fuska kuwa ba abin da ya riƙe shi."

Ya sa yatsa, ya cire, ya hau sama yana gunaguni da Faransanci.

Kwana uku na yi. Na sare tsagogin duka, na share ƙura da tsintsiya, na wanke, na jiƙa. Na tankaɗe yashin fadama mai kaushi, don rairayin tudu mai laushi ba ya riƙe siminti. Na shafa kunun siminti tsagwaronshi a ciki, sannan na bi da kwaɓi mai tauri, siminti ɗaya yashi biyu, ina dannawa da ƙotar guduma kaɗan-kaɗan har ya cika. Na fita waje na duba inda ruwan ke fitowa, sai na tarar indararon soro yana zuba a gindin bangon daidai, ƙasa ta lotsa ta zama kwari. Na cike wurin na daɓe, na karkata shi waje, na ƙara wa indararon tsawo. Buhu biyu sunka tafi a nan, har da shafen da na bi bangon da shi.

Saura abin da ku yaran yanzu kuke rainawa, wato shayarwa. Siminti ba bushewa yake ba, nuna yake, kuma da ruwa yake nuna. Kwana bakwai sai ya zauna da danshi. Na rataya buhunan algarara a bangon, na jiƙa su, na sayi ruwa cike da tano, wato gangar ƙarfe, na aje bakin matakala. Dokar aikinmu ita ce magini ya koma ya ba shef rahoto da bakinshi in ya ƙare kashin farko, don haka na ce wa Baba Tanko, "Safe da rana da marece a jiƙa buhunan nan. A rufe ƙofa."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da na faɗa mashi ke nan. Ban ce mashi don mi ba.

Kwana biyu na yi a Konni. Da na dawo, tun daga zaure na ji warin hayaƙi. Ƙofar ƙarfe a buɗe take. Buhunan an ninke su a gefe, busassu ƙamas. A tsakiyar ɗakin ga kasko biyu cike da garwashi, zafi kamar maƙera. Baba Tanko yana zaune a matakala yana murmushi.

Ya ce, "Ɗana, na sauƙaƙe maka. Na ga lokaci ya ƙure, na busar maka da shi. Haka muke wa sabon ɗaki in damina ta matso."

Na ce, "Ina ruwan?"

Ya ce, "Na raba wa mata. Mutane na kwana biyu ba wanka, kai kana shayar da bango? Ka ji tsoron Allah mana."

Na ɗauki guduma na ƙwanƙwasa. Amon fanko ya ba ni. Na murza da yatsa, kwaɓin ya zube gari, ga siririn layi ya buɗe tsakanin sabo da tsoho daga sama har ƙasa. Ni mutum ne mai zuciya, kun sani. Maganar da ta zo bakina a lokacin, da na faɗe ta, da har yau ina jin kunya. Na haɗiye ta, na fita, na zauna gindin iccen bedi. Haushin tsohon nake ji, amma haushin kaina ya fi, don ni na bar aikin siminti a hannun maginin ƙasa da 'yan kalmomi ba dalili.

Mushe ya ce a rubuta wa shef a nemi ƙarin siminti. Na ce kafin takardar ta je ta dawo an yi shuka an yi noman fari. Buhu ɗaya ya rage, kwana tara sunka rage. Na lissafa a kaina: in na bar shafe, na cika tsagogin kaɗai, zai kai, da sharaɗin ko cokali ɗaya kada ya faɗi ƙasa.

Na ce, "Mushe, zan sare shi duka in sake."

Ya ce, "In bai kai ba fa?"

Na ce, "Zai kai."

Kwana biyu ina sara, ni kaɗai, hannuna ya yi bororo ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Na shimfiɗa buhu a gindin bango don in kwashe duk abin da ya zubo in mayar. Baba Tanko yana zaune a sama yana kallo. Da na ƙare ciko, na kankare abin da ya rage a jikin kwano, na dunƙula curi biyu kamar ƙwan zabo, na kai mashi.

Na ce, "Baba, wanga ka aje shi a rana. Wanga kuma ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan kwana uku kai da kanka ka gwada su. In na rana ya fi ƙarfi, na yarda ka hura wuta."

Ya karɓa yana dariya, ya ce, "Yaro, ka kawo kanka."

Ruwan shayarwa ya zama nawa. Rijiyar garin mai zurfi ce ƙwarai, kuma layi ake bi. Na ɗauki garwa na shiga cikin mata. Ba irin tsiyar da ba su yi mini ba. Wata dattijuwa ta ce, "Ku matsa wa magini, ɗanshi na kukan ƙishirwa." Wata ta ce in tambayi bangon ko yana son a dama mashi fura. Na yi dariya tare da su, amma garwa ɗaya sunka bar ni na ɗiba a yini, kuma da gaskiyarsu. Garwa ɗaya ba ta jiƙa buhu shida sau uku cikin wannan zafin.

Rana ta uku da hantsi Baba Tanko ya kira ni. Ya ɗauki curin rana ya matse shi a tafin hannu, ya wargaje. Ya kwance na tsumma ya matsa, bai motsa ba. Ya buga shi da dutse, sai dutsen ya yi fari. Ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Ikon Allah. Ƙasa rana take so, wanga ruwa yake so." Sannan ya ce, "Ruwan zuba wa buhu, dole sai mai kyau na sha?"

Na ce, "A'a. In dai ba sabulu ba gishiri."

Ya tashi ya ɗauki babbar tasa ya nufi masallacin unguwa. Ya yi magana da liman, daga azahar ɗin nan kowa ya riƙa alwala bisa tasar. Ruwan da dā ƙasa ke shanyewa, shi tsohon ke kawo mini bayan kowace salla, ya sauka matakala bakwai da ƙafafunshi masu ciwo, ya jiƙa buhunan da hannunshi. Ni ban taɓa tunanin haka ba, ko da zan shekara ina tunani.

Mota ta riga lokacin da anka sa, ta iso rana ta biyar da fara shayarwa. Mushe ya ce a sauke kaya ƙasa. Na tsaya bakin ƙofa na ce ba a shiga. Saura kwana biyu, da yini guda na shan iska, don ɗakin da danshi, kuma iri ba ya son danshi. Mutane sun riga sun taru a ƙofar gida suna kallon buhuna.

Mushe ya ce, "Ka ga idanun mutanen nan? Zan rubuta sunanka ga shef."

Na ce, "Rubuta, Mushe. Sule, magini, daraja ta biyu. Amma ba a shiga."

Anka jibge irin a falonshi mai tagogi marasa ƙarfe. Dare uku shi da Baba Tanko suna kwana bakin ƙofar suna gadi, Mushe bai kuma gaishe ni ba. Rana ta takwas na ƙwanƙwasa bangon, amo ya fito tsaf, guduma na tsalle. Munka jera itace a daɓe, munka aza buhuna bisa, nesa da bango da tafin hannu biyu. Shef ya aiko in koma. Na aika mashi cewa ba ni barin Alela sai na ga ruwa a bayan wanga bango.

Bayan kwana shida hadari ya haɗu da la'asar. Ruwa anka yi na gaske, har fadama ta kawo. Ana cikin yi munka sauka mu uku da fitila. Na bi tsagar farko da bayan hannu tun daga sama, sannu-sannu. Busassa. Na durƙusa na bi ta ƙasa. A kusurwa na tarar wuri ɗaya ya yi duhu, faɗin babban yatsa, sanyi kawai, ba ɗigo. Munka tsaya muna kallonshi har ruwa ya ɗauke, bai ƙaru ba. Mushe ya aje fitila ya miƙo mini hannu biyu.

Da gari ya waye anka buɗe ƙofa anka fara awo, ƙauye bayan ƙauye, kowa da ƙwaryarshi. Wani manomi daga Tajaye da ke zaune wajen 'yarshi a nan, da anka zuba mashi, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. Ta ce ƙas. Ya ɗaure ƙwaryar da rawaninshi ya nufi gona da sauri, ko sallama bai tsaya yi ba. Kafin azahar duk inda ka duba mutane ne duƙe suna shuka.

Abin da na ɗauko daga Alela, shi nake son ku riƙe. Wanda zai ɓata maka aiki galibi ba jahili ba ne, gwani ne na wani aikin daban, kuma da niyyar taimako zai ɓata shi. Tun daga shekarar nan ban ƙara ba kowa umarni ban gaya mashi dalili ba, ko lebura ne, ko mai gida, ko shef. Kuma in kun cika tsaga, kada ku ce kun ƙare don cokali ya fita hannunku. Ku zauna ku shayar da shi kwana bakwai, ko garin duka zai yi maku dariya, don akwai mutanen da abincin shekararsu ke bayan wannan bangon, kuma ba su ma san sunanku ba.